Simintin da Kabo Ya Shayar Shekara Goma Sha Bakwai

A Kankia, bakin hanyar mota da ta taso daga Kano ta nufi Katsina, an yi wani mutum zamanin Turawa ana ce masa Kabo Mai Jakai. Jakai huɗu gare shi, da su yake kwaso gyaɗa da auduga daga Fakuwa da Kafinsoli har ƙasar Kusada, ya kawo wurin sikeli. Ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba ne, ko da yake waɗanda suka san ƙarshen labarinsa sukan yi gardama a kan na biyun. Ciwonsa ɗaya ne. In aka faɗa masa magana sau ɗaya, ya riƙe ta ke nan, sai ranar da mai ita ya dawo ya karɓi abinsa.

Matarsa Haulatu mutuniyar Ƙofa ce, mace mai fara'a da son dangi. Ba a suna ko biki a gidansu ba ta hau jaki ta je ta yi kwana uku ba. Sunan Kabo ne ya fita a gari, amma ita ce wannan hali nasa ya ci, kuma ya ci ta sosai.

Wata shekara, yaƙin Hitila bai ma zo ba, aka kawo masu aikin kwalbati a hanyar. Cikinsu akwai wani magini Bazazzagi ana ce masa Manu, wanda ya rasa masauki. Kabo ya buɗe masa zaurensa. Wata huɗu Manu yana cin tuwon Haulatu, yana yaba miyarta. Da aiki ya ƙare ya rasa abin da zai saka musu da shi, sai ya tattara ragowar siminti da tsakuwa da yashi, ya shimfiɗa musu daɓen siminti tun daga bakin hanya har ƙofar zaure. Tsawonsa taku goma sha biyu, faɗinsa kuwa, in ji Manu, mota sai ta hau ta tsaya. Kabo ba shi da mota, ba shi da keke, ba shi ma da ɗan'uwa mai keke. Wannan bai dame shi ba ko kaɗan.

Da safe Manu ya haye bayan motar da za ta kwashe su, ya leƙo ya ce a riƙa ba shi ruwa safe da yamma, kada a bari ya bushe, in ya bushe tsagewa zai yi. Mota ta tashi. Duk wanda ya ji haushin Manu bai yi laifi ba. Mutum ya ci tuwon gida wata huɗu, amma ya kasa ƙara kalma biyu ya ce zuwa yaushe. Shi a ganinsa ko jaki ya san cewa kwana bakwai ake yi a daina. Jakan Kabo ƙila sun sani, amma ba su faɗa ba.

Kabo ya zauna ya yi wa abin lissafin hankali. Ginin ƙasa ruwa yake tsoro, kowa ya san wannan. Su kuwa Turawa komai nasu a juye yake, rubutu ma daga hagu suke farawa. Ke nan ginin Turawa ruwa yake so. Jaki ana shayar da shi kullum, ba wanda ya taɓa cewa ya sha na bara ya ishe shi. Da ya kai nan sai ya ji hankalinsa ya kwanta, ya shiga gida ya raba aiki. Haulatu za ta ja ruwa a rijiyar tsakar gida, tulu huɗu da safe, huɗu da yamma. Shi zai zuba, don zubawar ce mai wuya, tana son wanda ya ga yadda Manu ya yi. Ya kuma tuna cewa kafaɗarsa ta dama ba ta son igiya tun faɗuwar da ya yi daga kan jaki. Rijiyar gaba goma sha ɗaya ce. Haulatu ta ce to.

Shekarun farko Kabo ya sha daɗin duniya. Aka daina ce masa Mai Jakai, ya koma Kabo Mai Siminti. Mutanen ƙauye in sun zo cin kasuwa sukan biyo su gani, su tsuguna su shafa, su tambaya ko gaskiya ne abin yana shan ruwa. Sai Kabo ya ce su dawo da la'asar su gani da idonsu. Ya hana a shanya kuɓewa a kai, ya hana a hau da takalmi. Jakansa dama sun ƙi hawa. Tun ranar da babban ya taka ya ji kofatonsa ya yi ƙara, ya kafe ya ƙi gaba, sauran suka bi ra'ayinsa. Dole aka fasa katanga ta baya aka yi musu ƙofa. A hankali mutanen gidan ma suka koma bin ƙofar jakai, don ta fi sauƙin sha'ani. Hanyar da aka yi don shiga gida ta zama ita kaɗai ce ba a shiga gida ta kanta.

A shekara ta uku aka yi haihuwa a Ƙofa, Haulatu ta tafi suna ta yi kwana huɗu. Kabo ya yi ta roƙon ruwa a maƙwabta, ƙwarya ɗaya nan, rabin tulu can. Ranar da za ta dawo, wata motar gyaɗa ta rasa inda za ta juya, direba ya ga fili mai kyau, ya haye da baya ya juya ya yi gaba. Kabo yana wurin sikeli, bai gani ba. Waɗanda suka gani kuma suka ga ba su da dalilin ɓata wa kansu yini. Da ya dawo ya iske tsaga ta ratsa simintin daga wannan gefe zuwa wancan.

Haulatu ko sauka daga jaki ba ta gama yi ba ya jawo ta ya nuna mata. Bai zage ta ba, Kabo ba ya zagi. Cewa ya yi kwana huɗu kacal ta bar amanar da aka ba su da ƙishirwa, ga abin da ya haifar. Ya faɗa da muryar mutumin da aka yi wa rasuwa. Da zagi ya yi da ta rama, an wuce wurin. Wannan kuwa ya shige ta. Ta dubi tsagar ta ji kunya ta rufe ta, ta ce ba za a sake ba. Kuma ba a sake ba. Daga ranar Haulatu ba ta ƙara kwana a Ƙofa ba. In abu ya taso sai ta ja ruwan safe, ta hau jaki, ta isa rana tsaka, ta gaisa a tsaitsaye, ta juyo don ta riski na yamma. Danginta suka fara cewa ta zama 'yar birni, ta raina su. Abin yana mata zafi ƙwarai, amma ba ta taɓa faɗa wa Kabo ba.

Shi kuwa ya shiga gyara. Da yake bai san wani gyara ba sai irin na ginin ƙasa, kowace kaka in mutane suna yaɓe katangunsu, shi ma sai ya kwaɓa ƙasa da kashin shanu ya cusa a tsagar. Da yamma ya zuba ruwa ya wanke abinsa. Ya gwada makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Ya gwada laso, shafen katanga mai hana ruwa shiga, har marina ya je da kansa ya ɗebo katsi, lakar gindin ramin rini da ake haɗa shi da ita. Ya gwada ƙaro, tururuwa suka yi biki. Ya gwada kakin zuma, rana ta narkar da shi, wata akuya ta manne a wurin har azahar. Tsaga ɗaya ta haifi uku, ukun suka yi jikoki.

Ya kira mai gyartai, wato mai ɗinkin ƙwarya. Mutumin ya zo da basillarsa, ya zagaya simintin sau biyu, ya ce a gaskiya aikin ɗinki ne, sai dai basillar da za ta huda wannan ba a ƙera ta ba tukuna. Ya kira maɗori daga Kafinsoli, tsoho mai suna Dabo, wanda ya ɗora ƙafafun rabin ƙasar. Dabo ya ɗauki abin da gaske. Ya shafa, ya latsa, ya ce karaya ce ba targaɗe ba. Ya jera karan ɗori a kan babbar tsagar, ya rasa ta inda zai zagaya da tsumma ya ɗaure, sai ya danne da duwatsu, ya ce kada majinyacin ya motsa kwana arba'in. Majinyacin bai motsa ba. Da aka kwance, tsagar ta ƙara faɗi da yatsa guda.

Ruwa kuwa bai fasa aikinsa ba. Ceɗiyar da ke gefen zaure ta gano inda ake rabon ruwa safe da yamma, ta turo saiwoyinta ƙarƙashi, ta ɗaga gefe ɗaya ta bar ɗaya. Ciyawa ta fito a tsagogin. Da rani, lokacin da duk Kankia ba ɗanyen ganye, ƙofar gidan Kabo kore shar, awakin unguwa suna kiwo, kwaɗi suna kuka. Gansakuka ta rufe gefen da ya lotsa. A nan ne maƙwabcinsa Malam Ma'aruf, malamin makarantar allo, ya zame wata safiya ya zauna daɓas, rawani a gabas, carbi a yamma. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce wa Kabo cikin ladabi ko lokaci bai yi ba da za a fasa wannan abu a huta. Kabo ya ce ai ɗan gyara kaɗan ya rage.

Haka aka yi shekara goma sha bakwai.

Bayan an gama yaƙi da 'yan shekaru, Uthman, ɗan ƙanen Malam Ma'aruf, ya zo gaida baffansa. Magidanci ne, magini a Katsina, ya daɗe yana aikin siminti. Kabo ya ji labari, ya ja shi gefe ya ce ya zo ya duba masa, don ya gaji da shawarar waɗanda ba su san abin ba. Uthman ya karɓi sandar Kabo ya bi simintin yana ƙwanƙwasawa. Ko'ina ya buga sai ya amsa kamar ganga. Ya ce ƙa'idar ba ta da wuya. Tsagar da tsinke yake shiga, a cike ta. Wadda yatsa yake shiga, a cike ta a zuba ido. Amma in ƙafar mutum tana shiga, gefe ya fi gefe tudu, ƙarƙashi kuma ya zama rami, to duk abin da aka zuba a kai asara ce, fasawa ake yi a sake sabo. Wannan kuwa, in ji shi, har ɗan akuya ya ga ya shiga ta can bai ga fitowarsa ba.

Sannan ya tambaya me ya sa wurin yake jiƙe haka da tsakar rani. Kabo ya gyara tsayuwa, ya ba shi labarin tulu takwas a yini, ba fashi, ko ranar salla. Yana jira a yaba masa.

Uthman ya dube shi ya ce, "Baba, ai kwana bakwai ake yi. In ya kama, shi ke nan."

"Kwana bakwai ɗai?"

"In an so a kyautata, goma. Ruwan nan naku shi ya kwashe ƙasar ƙarƙashi, shi ya jawo saiwar itacen nan. Waccan tsagar ta tsakiya kuwa nauyi ne, wani abu mai ƙafa huɗu na ƙarfe ya taɓa hawa."

Kabo ya nemi wuri ya zauna, a kan simintin, da takalminsa. Abin mamaki, ba siminti ne ya faɗo masa a rai ba, ba kuma dariyar da Kankia za ta yi masa ba, ko da yake ya san za ta yi har ta gode Allah. Haulatu ya gani tsaye gefen jaki tana kallon tsagar nan, tana cewa ba za a sake ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya roƙi Uthman don girman Allah kada ya faɗa wa kowa. Uthman ya yi alkawari, ya koma Katsina yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa.

Mutumin kirki da sai ya shiga gida a lokacin ya faɗi gaskiya. Kabo mutumin kirki ne, amma matsoraci ne a gaban matarsa, don haka da yamma ya karɓi tulu huɗu ya zuba kamar kullum. Ya yi wata biyu a haka, yana zuba ruwa yana jin kamar jininsa yake zubawa. Ya gwada dabara. Ya ce mata siminti ya tsufa, tsoho kuwa ba ya cin abinci da yawa, a mayar da shi tulu ɗaya. Haulatu ta ce a'a, ita ba za a sake ɗora mata laifi ba, yanzu ma da ya tsufa ya fi bukatar kulawa. Ya ce to shi zai sa mai ga-ruwa. Ta ce ruwan waje da gishiri-gishiri, bai saba da shi ba. Ashe a shekarun nan ta fi shi zama malamar abin.

Ya je wurin Malam Ma'aruf ya ce yana da tambaya game da wani mutum can Fakuwa, wanda ya sa matarsa wani aiki shekara da shekaru, daga baya ya gane aikin banza ne. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce mutumin Fakuwan nan ya je ya nemi gafarar matarsa tun suna da rai su biyun, kuma in ya tashi fasa simintinsa ya yi magana, akwai diga a gidan Malam.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Ƙofa. Iyatu, yayar Haulatu, wadda ta goye ta, tana kwance ba lafiya, tana kiran sunanta. Kabo yana zaune a tsakar gida ya ji Haulatu tana ba ɗan saƙon amsa daga bakin ƙofa. Ta ce gobe za ta zo da wuri, amma a faɗa wa Yaya ta yi haƙuri, ba za ta samu kwana ba, ta san dalili. Muryarta ba ta ko girgiza ba, ta saba. Wannan ne ya karya Kabo.

Ya bari ɗan saƙo ya tafi, ya kira ta. Ya fara da Manu, ya bi ta kan ceɗiya, ya ratsa ta wurin Uthman, yana ta kewaye-kewaye kamar jakin da ya ga kwalbati. Daga ƙarshe dai ya faɗa.

Haulatu ta ce, "Kwana nawa ka ce, Malam?"

"Bakwai."

"Tsagar da ka nuna mini ran da na dawo suna fa?"

"Mota ce ta hau. Ba ke ba ce."

"Yaushe ka sani?"

Nan ne ya so ƙasa ta buɗe. Ya ce wata biyu ke nan. Haulatu ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta, ƙunshi babba, ba irin na mai yini ɗaya ba. Ta fito ta ƙofar zaure, ta bi ta tsakiyar simintin da takalmanta, taku goma sha biyu, ta tsaya bakin hanya ta ce a zagayo mata da jaki.

Kwana talatin da uku ta yi a Ƙofa. Iyatu ta samu sauƙi a hannunta. Kabo kuwa bai san ko za ta dawo ba, kuma bai ga fuskar da zai aika a tambaya ba. A mako na biyu ya je ya aro digar Malam Ma'aruf, ya yi gayya. Rabin Kankia ta zo, kaɗan don aiki, da yawa don dariya, domin labari ya riga ya fita, ba ta bakin Uthman ba, ta bakin matan Ƙofa. Aikin bai kai azahar ba. Abin da aka yi shekara goma sha bakwai ana lallashi, bugu uku ya rufta da kansa. Aka sami kwaɗi cike da ƙwarya biyu, da akushin da ya ɓace tun shekarar fara. Kabo ya sha tsiya har ya daina jin zafinta. Wani ya tambaye shi ko za a yi wa mamacin sadakar uku.

Da Haulatu ta dawo ta iske rami a ƙofar gida, an sare saiwoyi, an cike da ƙasa. Kabo ya tare ta da rawar jiki, ya ce Uthman zai samo sabon siminti daga Katsina, kuma wannan karon an tambayi kwanakin, an sa shaidu. Ta ce ba ta so. Daɓe za a yi irin na iyaye, da tsakuwar marmara da makuba, wanda in ya fashe mace ta san abin da za ta yi masa ba sai an jira wani Bazazzagi ba. Ita za ta kira mata. Sai dai daɓe yana cin ruwa kwana uku, ita kuma za ta kasance a waje tana jan aiki.

Ta ce, "Rijiya na nan inda ka santa."

Kabo ya buɗe baki zai ambaci kafaɗa, ya sake shawara ya rufe.

Ranar daɓe mata sun fi ashirin a ƙofar gida, kowace da madaɓinta, suna bugu suna waƙa, kuma ba sai an faɗa ba, waƙar tasa ce. Shi yana ciki shi kaɗai bakin rijiya. Guga na farko ya ce ashe ba wuya. Na biyar ya daina magana. Kafin hantsi igiya ta saɓule masa fata, bororo ya tashi a tafukansa ya fashe. Daga waje ana ta kiran a kawo ruwa. Ya ja, ya cika tulu, ya kai bakin zaure, ya dawo. Da la'asar ko guga ba ya iya riƙewa sai da gwiwar hannu, abin da ya ja kuwa duka-duka bai kai na yini biyu na Haulatu ba.

Da mata suka watse ta shigo ta iske shi zaune a gindin rijiya, ya buɗe hannuwa a kan gwiwa kamar mai addu'a. Ta ɗauko man kaɗanya ta tsuguna, ta kama hannunsa tana shafa masa. Sai ya ji abin da ke shafa shi ya fi igiyar kaushi. Ya juya hannunta ya duba. Tafin ya yi kanta, tauri kamar ƙasan ƙafa, ga wata hanya baƙa da igiya ta ci ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe, yatsu biyu ba sa miƙewa sosai. Shekara talatin suna tare, bai taɓa dubawa ba.

Ya ce, "Haulatu, shina ciwo?"

Ta zare hannunta ta ci gaba da shafa masa man.

"Ya daina tun shekara ta biyar," in ji ta. "Ka kwanta da wuri, Malam. Saura kwana biyu."